Erojel: Tare Zafi Ba Wuya, Jurewa Ce Aiki

Jirgin alhazan da ya tsaya a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da tsakar rana cikin watan Mayu, jikinsa na shan zafin da ya haura digiri 40. Rabin awa bayan ya ɗaga ya miƙi hanyar Jidda, ya kai nisan kilomita 11 daga ƙasa, iskar da ke dukan wannan jikin ta koma digiri 50 ƙasa da sifili. Alhazai na ciki, wani na jan carbi, wani na gyangyaɗi, ba wanda ya san an yi. Abin da ya raba su da wannan sanyi fallen alminiyam ne da a wurare da yawa kaurinsa bai wuce milimita biyu ba, sai bargon zaren gilas da aka cusa a bayan bangon robar da suke jingina da shi.

Bargon yana aikinsa, amma yana da lalura. Numfashin fasinjoji na ɗauke da danshi, danshin kan ratsa ya je ya daskare a jikin ƙarfen mai sanyi, in jirgi ya sauko ya narke ya jiƙa bargon. Bargon da ya jiƙe ya ƙara nauyi, ya rage tare zafi, yana kuma cin ƙarfen a hankali. A harkar jirgi kowane kilo kuɗin mai ne, a harkar roka kuwa sai abin da ya yi gaba. Shi ya sa injiniyoyi suka daɗe suna neman abin da zai fi wannan bargo tare zafi, ya fi shi rashin nauyi, ya kuma yi shekaru bai lalace ba. Sharuɗɗa biyun farko an cika su tun 1931. Na ukun ne har yau ake fama da shi.

A wannan shekara ce wani masanin haɗa sinadarai, Samuel Kistler, wanda ke koyarwa a wata kwaleji a garin Stockton na jihar Kalifoniya a Amurka, ya buga ɗan gajeren rahoto a mujallar Nature. Tambayar da ya ɗauko mai sauƙin faɗa ce. Romon ƙafar sa in ya kwana ya daskare, kusan dukansa ruwa ne, amma ba ya zuba, domin akwai wata saƙa ta ƙananan zarurruka da ido ba ya gani wadda ta riƙe ruwan. Shin za a iya zare ruwan a bar saƙar a tsaye, iska ta maye gurbinsa? Shanya kaɗai ba ta bayar da haka. Yayin da ruwa ke ƙafewa daga ƙaramin rami, fuskarsa kan jawo bangon ramin ciki, kuma iya ƙanƙantar ramin iya ƙarfin jan. Sai saƙar ta rufta, abin ya tsuke ya tsattsage.

Kistler ya bi ta wata hanya. Ya musanya ruwan da alkohol, ya rufe abin cikin tukunyar ƙarfe, ya yi ta ɗaga zafi da matsi har suka wuce wani mataki inda ba a iya bambanta ruwan alkohol da tururinsa. A wannan hali babu fuskar ruwa, don haka babu abin da zai jawo bango. Sannan ya saki tururin sannu a hankali. Abin da ya rage a tukunyar shi ne erojel: dunƙule mai shuɗi-shuɗi da ake hango tafin hannu ta cikinsa, wanda fiye da kashi 90 cikin 100 nasa iska ce, wani ma har kashi 99.8. Ya yi shi da silika, sinadarin da ke cikin yashi da gilas, ya kuma yi da alumina da jelatin da farin ƙwai.

Nan ya kamata a raba abubuwa biyu da aka saba haɗawa. Wanda ya shiga tsohon ginin Kwalejin Katsina, da aka gina da ƙasa a farkon shekarun 1920 kuma yanzu ya zama gidan tarihi, ko ya shiga wani tsohon soro a cikin birni, zai ji sanyi ko da rana ta take. Akan ce ƙasa ba ta barin zafi ya wuce. Tana bari. Abin da ke faruwa shi ne kaurin bangon kan shanye zafin rana ya jinkirta shi, ba ya isowa ciki sai dare, shi ya sa da bazara ake fitowa da tabarma tsakar gida. Wannan dabara nauyi take buƙata, nauyi kuwa shi ne abin da jirgi ba ya so. Jinkar ciyawa ce ke aiki da ɗaya dabarar: tana tsare iska a tsakanin ciyayin, iskar da ba ta motsi kuwa ba ta kai zafi da sauri. Bargon jirgi da soson da ke jikin kula da firji da rigar sanyi, duk aikinsu tsare iska ne.

A ma'aunin da injiniyoyi ke auna saurin wucewar zafi, ƙarfe yana da kusan 50, bangon ƙasa tsakanin 0.5 da 1, bargon zaren gilas kusan 0.04, iska tsayayya kuma 0.026. Hankali zai ce abin da ya dogara da iska ba zai taɓa fin iskar kanta ba. Amma erojel na silika yana da kusan 0.014, wato ya kusan ninka iskar da ke cikinsa iya tare zafi. Dalilin yana cikin girman ramukan. Ƙwayoyin iska na kai zafi ne ta hanyar karo da juna, kowace ta miƙa wa ta gabanta. Ƙwaya guda kan yi tafiyar kusan nanomita 70 kafin ta ci karo da 'yar'uwarta. Nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita. Silin gashin kai ya kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100. Ramukan erojel yawanci nanomita 20 zuwa 50 ne, ba su kai wancan tazara ba, sai ƙwayar ta riƙa karo da bango kafin ta sami wadda za ta miƙa wa. In zafin ya ce zai bi ta jikin silikar, hanyar siririya ce mai yawan kwana, ba ya yin nisa.

Da irin wannan baiwa, sai mutum ya ɗauka kasuwa za ta yi rububinsa. Ba ta yi ba. Kamfanin Monsanto ya sayar da garinsa da sunan Santocel tun daga shekarun 1940, ana zuba shi a fenti da jikin firji, ya kuma daina wajen 1970 saboda tsada. Tukunyar alkohol mai zafin digiri 240 ƙarƙashin matsi ba abin wasa ba ce. Sai a shekarun 1980 masu bincike a Berkeley suka koma amfani da iskar kabon-dayoksaid, wadda ba ta kama wuta, kuma take kai wancan mataki a digiri 31 kacal, da matsin da ya ninka na iskar da muke ciki sau 73.

Masu binciken sararin samaniya ne suka farfaɗo da sunansa. Wanda ya taɓa ganin hoton tauraron ɗan'adam ya ga yadda ake naɗe shi da wasu fallaye masu ƙyallin zinari. Waɗannan fallaye mayar da hasken zafi suke yi, kuma ba su da na biyu a inda babu iska ko kaɗan. To duniyar Mars tana da iska, duk da ba ta kai kashi ɗaya cikin 100 na tamu ba, kuma wannan 'yar iskar ta isa ta ɓata aikin fallayen. Saboda haka lokacin da hukumar NASA ta sauke 'yar motarta Sojourner a Mars ranar 4 ga Yuli 1997, da erojel aka lulluɓe akwatin na'urorinta. Haka aka yi wa Spirit da Opportunity da suka sauka a Janairun 2004. Da dare sanyin waje kan kai digiri 96 ƙasa da sifili, amma ana son na'urori da batura su zauna tsakanin 40 ƙasa da sifili da 40 sama da shi. Erojel da 'yan ƙananan hita ne suka riƙe wannan iyaka. Opportunity an tsara ta yi kwana 90, ta yi aiki har watan Yunin 2018, kuma abin da ya kawo ƙarshenta guguwar ƙura ce da ta rufe rana, farantan solarta suka rasa haske. Motar Zhurong ta ƙasar Sin da ta sauka a 2021 ita ma da erojel aka kare ta.

Akwai wani aiki da ba na tare zafi ba wanda ya fi fito da shi ga idon duniya. Kumbon Stardust, da aka harba a Fabrairun 1999, ya ratsa ta gefen tauraro mai wutsiya Wild 2 a Janairun 2004, ya miƙa wani faifai cike da erojel. Ƙwayoyin ƙura masu gudun kilomita 6 a sakan guda suka nutse a ciki suka tsaya ba su tarwatse ba, aka dawo da su hamadar Utah a Janairun 2006.

Sai dai a duba da kyau: a duk waɗannan nasarori, erojel a cikin akwati ko firam yake, an killace shi, ba mai taɓa shi. Dole ce ta sa. Dunƙulen erojel na silika yana iya ɗaukar nauyin da ya ninka nasa sau dubbai in an ɗora masa daidai-wa-daida, amma in aka lanƙwasa shi ko aka dangwale shi da yatsa da ƙarfi sai ya farfashe, gilas ne dai. In ruwa ya taɓa wanda ba a yi wa magani ba, ya shiga ramukan, wancan jan da Kistler ya kauce wa ya dawo, sai abin ya yi fari ya ruguje. In zafi ya haura digiri 600 ya daɗe, zarurrukan kan fara narkewa cikin juna, ramuka su toshe, ya tsuke. Roka kuwa a lokacin tashi girgiza ce da jijjiga ba ƙaƙƙautawa, ga tankinta ɗauke da ruwan haidurojin mai sanyin digiri 253 ƙasa da sifili da ruwan oksijin mai 183, ga wuta a gindinta. Tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kan zagaya duniya sau 16 a kwana guda, kowane zagaye ta shiga rana jikinta ya kai wajen digiri 120, ta shiga inuwa ya faɗi zuwa wajen 150 ƙasa da sifili. Kowane hawa da sauka kumbura ne da tsukewa, kuma ta nan tsagewa ke farawa.

Wanda ke ganin wannan ƙaramar magana ce ya tuna kumbon Columbia. Ranar 16 ga Janairu 2003, sakan 82 bayan tashi, wani guntun soson da aka lulluɓe tankin mai da shi, wanda bai kai kilo ɗaya ba, ya ɓalle ya bugi fukafukin hagu ya huda shi. Ranar 1 ga Fabrairu, a hanyar dawowa, iska mai tsananin zafi ta shiga ta ramin, kumbon ya tarwatse da mutum bakwai a ciki. Wannan soso ba erojel ba ne, kuma bai gaza wajen tare zafi ba. Zama a inda aka sa shi ne ya kasa.

Maganin da ya fi kowane amfani zuwa yau shi ne mafi sauƙin fahimta, kuma maginan gargajiya na ƙasar Hausa ba za su ga baƙon abu a cikinsa ba. Laso, simintin da suke shafe rufin soro da shi, ba katsin marina kaɗai ba ne. Ana cuɗa shi da gashin jima daga majema da ruwan dafara, gashin ne ke riƙe shi kada tsaga ta ci gaba da tafiya. Kusan haka aka yi a farkon shekarun 1990, lokacin da James Fesmire na cibiyar Kennedy ta NASA ke neman abin naɗe bututun man roka mai tsananin sanyi, aka ba kamfanin Aspen Systems kwangilar bincike. Maimakon a zuba haɗin silikar a kwano ya daskare shi kaɗai, sai aka zuba shi a cikin bargon zare ya daskare a tsakanin zarurrukan, sannan a busar. Erojel ɗin yana tsagewa dai, amma tsagar ba ta nisa, zare ya tare ta. Aka sami abin da ake naɗewa, a yanka da wuƙa, a ɗaura a bututu. A 2001 kamfanin Aspen Aerogels ya fita daga cikin wancan, kuma babbar kasuwarsa ba ta zama ta roka ba: matatun mai da masana'antun gas ne suka fi saye, daga baya masu ƙera motocin lantarki suka shigo, suna sa fallensa tsakanin ƙwayoyin batir don in ɗaya ta kama wuta kada ta harbi ta kusa da ita. Aibinsa shi ne yana zubar da ƙura mai laushi in ana aiki da shi, dole ma'aikaci ya sa takunkumi da safar hannu, kuma irin wannan ƙura ba a son ta kusa da madubin kyamarar kumbo.

Matsalar ruwa an shawo kanta da wani sinadari da ke lulluɓe fuskar silikar ya sa ta ƙi ruwa, har dunƙulen ya yi ta yawo a kan ruwa bai jiƙe ba. Sai dai wannan lulluɓi kan ƙone in zafi ya kai digiri ɗari uku zuwa huɗu. A 2002 Nicholas Leventis na jami'ar Missouri ya shafe zarurrukan silikar da roba ta ciki, nauyi ya ninka kusan sau uku, ƙarfi ya ninka fiye da sau ɗari. Daga nan ayarin Mary Ann Meador a cibiyar Glenn ta NASA da ke Cleveland suka ajiye silika gefe, suka yi erojel ɗin gaba ɗaya da wata roba mai jure zafi da ake kira poliyimaid. A 2012 suka bayyana cewa ƙarfinsa ya kai ninki 500 na mai silika, kuma ana yin fallensa siriri a ninke shi a warware bai karye ba. Amma roba roba ce: iyakarta wajen digiri 300, kuma a sararin da ke kusa da duniya akwai ƙwayoyin oksijin tilo-tilo da ke gwaguyar ta. Ɓangaren tsananin zafi sai aka koma ga dangin tangaran. A 2019 masu bincike daga jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles da Cibiyar Fasaha ta Harbin a Sin suka fitar da erojel na boron naitaraid, suka yi ta jefa shi daga digiri 198 ƙasa da sifili zuwa 900 sama, sau ɗaruruwa, bai fashe ba. Ya yi mako guda a digiri 1,400, abin da ya rasa na ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Labarin ya yi daɗi, amma ɗan guntun da aka gwada a ɗakin bincike daban, abin da zai lulluɓe kumbo daban. Wanda ya fita fili kam shi ne tsohon bargon nan: ranar 10 ga Nuwamba 2022 NASA ta gwada wata garkuwar zafi da ake hurawa, mai faɗin mita 6, ta dawo daga sama ta faɗa tekun Pasifik lafiya, cikin shimfiɗun rigarta akwai bargon erojel.

To ina ruwan Katsina? Ba ta ƙera roka, kuma ko NigeriaSat-X da injiniyoyin Najeriya suka haɗa da hannunsu, aka harba a 2011, a masana'antar kamfanin Surrey da ke Ingila aka haɗa shi. Ruwanta yana jibge a bayan injinan casar shinkafa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafa shanshera buntu ne, in aka ƙona buntun kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ce, tokar kuwa kashi 85 zuwa 95 cikin 100 silika ce. Yashi ma silika ne, yana ko'ina, amma kafin a narkar da shi sai an haɗa shi da sinadari an gasa a zafin da ya haura digiri 1,300. Silikar buntu ba ta ƙanƙame haka ba. Tafasa ta cikin ruwan soda, irin wadda masu sabulu ke amfani da ita, ya isa ya narkar da ita. Sharaɗin dai a ƙona buntun tsakanin digiri 500 da 700. In wuta ta zarce 800, silikar kan rikiɗe ta taurare, ta ƙi narkewa, ƙurarta kuma ta zama illa ga huhu, don haka tokar da aka kwaso daga juji ba lallai ta yi ba. Bayan an narkar, a zuba asid ya daskare, a wanke gishirin, a busar. Farfesa Halimaton Hamdan ta Jami'ar Fasaha ta Maleshiya ta bi wannan hanya ta fitar da erojel na buntu da ta kira Maerogel, labarinsa ya bazu a 2008.

A lissafin takarda, buhun shanshera mai kilo 100 zai ba da buntu kilo 20, toka kusan kilo 4, silika kusan kilo 3 da rabi. In aka yi erojel mai nauyin kilo 100 a kowace kiyubik mita, wannan lita 35 ke nan, abin da zai rufe murabba'in mita uku da rabi da kaurin santimita ɗaya. Ga kuma farar ƙasar Ƙanƙara, wadda masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka daɗe suna tatsar alumina da silika daga cikinta. Haɗin waɗannan biyu shi ne irin erojel ɗin da ke jure zafin da silika zalla ba ta jurewa.

Ba na cikin masu cewa da wannan za a maye gurbin silin a ƙarƙashin rufin kwano. Erojel ya fi sauran makaran zafi tsada nesa ba kusa ba, kuma a inda akwai sarari, kauri na maganin komai: buntun kansa, in an zuba shi da kauri a busasshen wuri, yana tare zafi gwargwado, ba tare da an kai shi ɗakin bincike ba. Erojel yana biyan kuɗinsa ne a inda wuri ya matse ko nauyi ya zama matsala, kamar akwatin allurar rigakafi da ake goyawa a babur zuwa ƙauye, da firjin sola, da akwatin batir da ke shan rana a watan Afirilu. A irin waɗannan ma, ba girin-girin ba, ta yi mai. Yanayin Katsina ɗakin gwaji ne da ba a biya: zafin bazara, danshin Agusta, ƙurar hunturu da sanyin asubarsa, ga jijjigar hanyar karkara. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, mai sashen kimiyyar sinadarai da cibiyar binciken makamashi mai sabuntuwa, da Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina, suna iya ajiye samfuri ya zagaye shekara, ana auna nauyinsa da tsukewarsa da saurin wucewar zafi wata-wata. Samfurin da aka auna ranar da ya fito daga tukunya kaɗai bai faɗi komai ba game da sharaɗi na ukun nan, wato yin shekaru bai lalace ba.

Inda kuɗin yake tafiya kuwa ba silika ba ce, bushewar ce. Tukunyar matsi tana da tsada, tana kuma son wutar lantarki da ba ta ɗaukewa. Akwai hanyar kauce mata, wadda ayarin Jeffrey Brinker suka fitar a jihar New Mexico cikin shekarun 1990: a lulluɓe bangon ramukan da sinadarin ƙin ruwa tun abin yana jiƙe, sai a busar a matsin iska na yau da kullum, yana tsukewa yayin bushewa, amma da yake bangwayen ba sa mannewa da juna, sai ya sake buɗewa kusan yadda yake. Wannan hanya ba ta buƙatar tukunya, amma tana shan alkohol da heksen da sinadarin lulluɓin masu yawa, ana canja su sau da dama, galibinsu kuma da dala ake shigo da su. Ɗalibin da ya gano yadda za a tace waɗannan ruwaye a sake amfani da su sau da yawa ba tare da ingancin ya faɗi ba, ko ya rage yawan canjin, shi ne zai fara sauko da farashin erojel na buntu zuwa inda mai haɗa firjin sola a Katsina zai tsaya ya taya.